Langar da Aka Buga wa Wata

Duk wanda ya taɓa sayen man gyaɗa a kasuwar Kankiya ya san Lami ta Kusada. In bai san sunanta ba, ya san dariyarta, don tun daga layin masu tattasai ake jiyo ta. Gajera ce mai jiki, ta ba hamsin baya, ga wushirya, kuma Allah bai yi ta da tafiya a hankali ba. Ko buta za ta ɗauko a tsakar gida sai ka rantse gobara ta tashi. Sana'arta matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli, ta gaje ta wurin uwarta a Bauranya. Hannunta kullum cikin maiƙo yake, duk abin da ta taɓa sai ya yi sheƙi: ƙofa, rediyo, kan jikokinta. A riƙe maganar maiƙon nan, za mu dawo kanta.

Mijinta Bube dillalin awaki ne, kuma a zamaninsa babu mai murya irin tasa a kara, kasuwar dabbobi. In ya kama kunnen akuya ya fara yabonta, sai mai akuyar da kansa ya ji kamar ya fasa sayarwa. Kasuwa ba ta ci babu shi. Yau yana Kankiya, gobe an gan shi wani ƙauye bayan Yashe yana duba haƙoran bunsuru, jibi ya dawo gida da labarai cike da baki. Shi da Lami in suka haɗu a tsakar gida da yamma, maƙwabta ba sa bukatar rediyo.

Yadda suka haɗu ma surutu ne ya haɗa su. Lami tana budurwa a Bauranya, wata ya yi zazzaɓi. A lokacin, in wata ya yi ja haka, samari da 'yan mata da yara kan fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanoni suna bugawa suna zaga gari, wai sai rana ta ji hayaniya ta saki wata. Lami ta duba ko'ina ba ta samu gwangwani ba. Maimakon ta haƙura, sai ta shiga ɗakin uwarta ta zaro langa sabuwa fil daga cikin jere, mai zanen jan fure, ta haɗa da ludayin ƙarfe ta fita a guje. Bube ya zo garin wurin kawunsa, shi ke gaban samari da wata tsohuwar garwa a wuya. Yana da salon bugunsa, kan-kan-kan, sai ya ɗan tsaya, sai kwaram. Lami ta shiga bayansa tana mayar masa da irin nasa, har ya waiwayo ya ga wace ce wannan mai ƙarfin hali. Kafin wata ya washe, fentin gindin langa ya zube tas.

Ta sha faɗa har da rankwashi. Da aurensu ya tashi, uwarta ta ɗauko langar ta dangwara a cikin kayan ɗaki ta ce, "Tunda ke kika ɓata ta, kuma ita ta jawo maki shi, ku tahi tare ku ukun." Tun daga nan Bube ba ya kiranta da komai sai 'Yar Bauranya. Langar kuwa ta zauna saman kabad shekara da shekaru, ba a zuba mata komai, ba a kuma yar da ita.

To, bara da kaka Bube ya yanke jiki ya faɗi a kara, igiyar akuya a hannunsa. Hawan jini ne. Aka kwantar da shi asibiti a Kankiya, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ya dawo gida hannun hagu ba ya ɗaguwa, ƙafar hagu sai an ja ta, baki ya karkace, magana tana fitowa da ƙyar kamar ana jan guga mai nauyi. Likita ya ce zai samu sauƙi sosai in yana takawa, yana zama cikin mutane, yana magana ko da ba ta fita daidai. Bube ya ji, ya gyaɗa kai, ya shiga ɗaki, ya ce a saki labule.

Daga ranar bai ƙara yarda idon kowa ya sauka kansa ba. Abokan kasuwa su zo dubiya, a ce musu yana barci. Zagayawa ma sai da duku-duku, yana dafe da kafaɗar Lami, kafin gari ya motsa. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, damina ta cinye rabin katangar da ke tsakaninsu da maƙwabciyarsu Lailatu, wadda ko tsaye take a bakin murhunta tana hango tsakar gidansu. Lailatu ba muguwa ba ce, ƙawar Lami ce ta tsokana, amma Bube ya ce shi mutumin da garin nan ya sani da murya ba zai zauna mata na kallonsa yana zubar da yawu ba.

Da yake muryar ba ta kaiwa inda take tuya, Lami ta sauko da langar nan ta goge ta, ta ajiye masa gefen katifa tare da cokali. Ta ce, "Malam, in kana son wani abu ka ƙwanƙwasa, ina ji." Ya dubi langar, ya dube ta, ya tura ta ƙarƙashin gado da hannun dama. Ya gwammace ƙishi ya kama shi da ya kira matarsa da kwano. Lami ta yi dariya a gabansa ta ce girman kai dai bai shanye ba. Da ta fita bayan ɗaki ta yi kuka. Abin da ke cin ranta shi ne mutumin yana nan da ransa, amma kullum ƙara nisa yake, ita kuma ta rasa ta inda za ta jawo shi.

Ana cikin haka, gero ya fara nuna, sai ta ji a rediyo an ce ranar Lahadi wata zai yi husufi, kuma da zarar an sallame magariba za a gan shi. Tana cikin juya tunkuzar gyaɗa ta saki muciya ta rangaɗa guɗa. Awaki suka firgita. Ta faɗa ɗaki ko sallama babu.

"Malam! Wata za ya yi zazzaɓi! Ran Lahadi! Ka tuna Bauranya? Ka tuna garwarka?"

Lami ta ga idon Bube ya ɗan motsa, ta rantse ta gani. Sai ya juya fuska bango ya ce, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, "Ki... gano mani."

Wata macen da ta ji haka sai ta haƙura. Lami kuwa tafa hannu ta yi. "To shi ke nan! Tunda ba ka zuwa wurin wata, ni zan kawo maka shi har bisa katifa." A ranta ta riga ta gama lissafi: in ya ga hoton jan wata ya yi kyau, zai so ya ga na gaske, in ya so ya ga na gaske, dole ya taka zuwa bakin ƙofa. Daga bakin ƙofa zuwa tsakar gida kuwa ai ba nisa.

Tana da waya mai shafawa, wadda autarsu Hafiza da ke aure a Kankiya ta bar mata. Amsa kira kawai ta iya da ita, shi ma sai ta shafa sau da yawa tana yi wa wayar faɗa. Ta kira Hafiza ta ce a koya mata ɗaukar hoto yanzu-yanzu.

"Inna, hoton mi za ki ɗauka?"

"Wata."

"Wace wata?"

"Ke, na sama! Na Allah! Ubanki zan kai mawa."

Hafiza ta bi da ita sannu a hankali har ta gane inda ake dannawa. Daga ranar babu abin da ya tsira a gidan. Ta ɗauki kaza, ta ɗauki turmi, ta ɗauki ƙafarta ba da niyya ba, ta ɗauki Lailatu tana sakace. Duk hoton da ya fito sai ka ga kamar cikin hayaƙin murhu aka ɗauke shi. Lami ta ce wayar ta tsufa, ido ya fara yi mata yana. Sai da ta kai ƙara wurin Hafiza aka gano bakin zaren.

"Inna, da wane hannu kike riƙe ta?"

"Da wane hannu kuwa? Ina da wani ne ban da nawa?"

"To mai ne ya shahe idon wayar. Ki goge."

Ta goge da bakin zaninta, wanda shi ma ya sha mai tun safe. Abin ya ƙara lalacewa. Lailatu da ke leƙe ta katanga ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wayar Lami ita kaɗai ce a Kusada da za a iya soya ƙwai a kanta.

Da dare ya yi, sai ta gwada a kan watan da bai riga ya kamu da komai ba. Ga shi can ƙato, fari tas, ya haske gari. Ta ɗaga waya ta danna. Wata 'yar fitila ta walƙa daga bayan wayar ta haske akuyar da ke ɗaure, wata kuwa ya fito ɗan ɗigo kamar ƙwayar maganin ciwon kai. Ta sake, haka. Ta nemi yadda ake kashe fitilar ta rasa. Ta yi tunani ta ga ai matsalar nisa ce, saboda haka ta kife turmi ta hau kai don ta ɗan matsa kusa. Lailatu ta ce ta ƙara da kujera 'yar tsuguno, wataƙila ta taɓo shi. Lami ta ce mai baƙin ciki dai ba ta rasa abin faɗa, suka kwashe da dariya su biyu. Duk wannan Bube yana ji daga ɗaki, kuma Lami ta san yana ji, shi ya sa take ƙara ɗaga murya.

Wani abu ɗaya ya ɗan rage mata zumuɗi. Malamin Islamiyyar matan aure ya yi musu bayani cewa husufi aya ce daga ayoyin Allah, inuwar ƙasa ce ke faɗa wa wata, babu wata rana da ta kama shi, kuma abin da ake so shi ne nafila da addu'a da istigfari, kowa a gidansa. Bugun gwangwani aikin yarinta ne na da. Lami ta yarda, don ita ma ta daɗe da sanin ba langar uwarta ce ta ceci wata a Bauranya ba. Yaran yanzu ma ba su san ana yi ba. Sai dai tana tafe gida tana jin tafin hannunta yana ƙaiƙayi.

Ranar Lahadi ba ta yi tuya ba. Ta wanke hannu da sabulu da toka har fatar ta yi fari, ta wanke wani ƙyalle musamman don idon waya ta shanya shi can nesa da kaskon tuya. Ta share tsakar gida. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin Bube, ta jingina matashi, ta ce wai don kanta ne. Da la'asar hadari ya taso daga gabas, daidai inda wata zai fito. Lami ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallonsa kamar ɗan maƙwabta ya shigo mata da ƙazanta. Ta ce, "Duk kwanakin duniya ba ka ga na zuwa ba sai yau?" Sai kuma ta tuna gonaki na son ruwan ƙarshe, ta yi istigfari, ta roƙi Allah ya kawo shi gobe.

Aka kira magariba. Ta kai wa Bube ruwan alwala, ta yi tata sallar, ta ƙara raka'a biyu. Tana sallamewa ta yi waje. Hadarin ya yage gida biyu, amma babu wata. Ta duba saman bishiyar bedin Lailatu, ta duba bayan rumbu, babu. Kwaɗi suna ta kuka a kududdufi, daga masallaci ana jin karatu. Ta hau turmi. Sai da idonta ya saba da duhu sannan ta gan shi, ashe tun ɗazu yana nan, ya fito da zazzaɓinsa, jajir, ya dushe, launin goron da aka tauna.

"Lailatu! Ga shi can! Wayyo Allah, ga shi can bisa rumbunki! Allahu akbar!"

Ta goge idon waya da ƙyallen, ta ɗaga hannu biyu, ta danna. Fitila ta walƙa. Ta duba: baƙi ƙirin, sai ganyen bedi. Ta sake. Baƙi. Farin wata ma ɗigo ya ba ta, balle wannan da ya rage haske. Ta danna ta danna har yatsa ya gaji, tana yi wa wayar magiya, tana yi mata barazanar jefa ta cikin kaskon mai. Ta leƙa ta katanga ta ga gidajen maƙwabta duk an ɗaga wayoyi sama, kowa shiru, sai ɗan hasken fuska. Gari guda wata na zazzaɓi, ko tari babu mai yi.

A nan dariyar ta ƙare mata. Ta tsaya kan turmi da waya a hannu, babu abin da za ta kai ɗaki. Ta yi wa mutum alkawari ta kasa cikawa, kuma dabarar da ta rage mata ke nan.

Sai ta ji ƙarar ƙarfe a bayanta.

Tunda ta ajiye masa langar nan bai taɓa bugawa ba, in ya buga yau to ba lafiya ba. Ta diro daga turmi, zani ya harɗe ta, ta yi taga-taga, tana faɗin innalillahi. Kafin ta kai ɗaki ƙarar ta sake tashi, kuma a wannan karon ta ji ta da kyau. Kan-kan-kan. Aka ɗan tsaya. Kwaram.

Labule a ɗage yake. Bube na zaune kan tabarmar da ta shimfiɗa, ya jingina da bango, yana haki, gumi ya jiƙa masa riga. Shi kaɗai ya jawo ƙafar nan tun daga gado, langa a hammata. Yanzu ya kife ta tsakanin gwiwoyinsa, cokali a hannun dama, fuskarsa sama.

"Malam," in ji Lami.

Bai sauke ido daga wata ba. Ya ce, "Garin nan... duk sun mutu ne? Shina ta wahala... ba mai taimako." Ya ja numfashi. "'Yar Bauranya... ina ludayinki?"

Rabon da ta ji sunan nan tun kafin ya faɗi a kara. Ta yi wani ihu da ba kuka ba ba dariya ba, ta zura madafa a guje, ta fito da ludayi da murfin tukunya. Ya buga, ta mayar masa. Ya buga, ta mayar. Tana bugawa tana juyi a tsakar gida, mace mai jikoki, tana cewa Allah ya yafe mana, Malamin Islamiyya ya yi haƙuri, yau ɗaya dai. Awaki suka tsinke da kuka, kaji suka farka a akurki.

Hayaniyar ce ta jawo Lailatu. Kanta ya ɓullo ta karyayyar katanga, ta haska tocila, hasken ya sauka daidai fuskar Bube. Cokali ya tsaya a sama. Lami ma ta tsaya cak, murfi a hannu, don ta san abin da ya gudu ke nan tun bara. Ta ga hannunsa mai riƙe da cokalin ya kai ga labule. Lailatu ta daburce ta kashe tocilar, ta ce cikin sanyin murya, "Sannu, Malam Bube. Ya jiki?"

Sai Bube ya saki labulen, ya nuna ta da cokali.

"Lailatu... jar akuyar nan taki... tun daga ɗaki nike jin tarinta. Ki sayar... kahin ta mutu maki."

Lailatu ta ce, "Kai, Malam Bube! Daga hitowa sai dillanci?" Ta fashe da dariya, Lami ta fashe, shi ma bakin nan da ya karkace ya buɗe ya yi dariya mai sauti, yawu na zuba, bai ko goge ba. Lailatu ta ɓace ta dawo da bokitin ƙarfe da muciya. Can wani gida bayan masallaci wata tsohuwa ta amsa da nata kwanon, sai wani ya biyo. Ba su da yawa, duk masu furfura ne, jikokinsu na tsaye suna kallonsu baki buɗe.

Cikin wannan rawar kai ne Lami ta tuna da waya. Ta zaro ta daga ƙugu da hannun da ya riga ya koma cikin maiƙon ludayi, ta juya wa wata baya, ta saita mijinta ta danna. Fitilar nan da ta hana ta sakat kwana da kwanaki ta walƙa, ta haske shi tas.

Da gefen wata ya fara yin fari, Bube ya ajiye cokali ya ce ta kawo buta. A nan tsakar gida ya yi nafilarsa a zaune, ita tana bayansa. Bai koma ɗaki ba sai da sauro ya kore su.

Hoton yana nan a wayarta har yau. Ya ɗan yi hazo ta gefe ɗaya, kan Bube ya kusa fita daga ciki, amma ga cokali a sama, ga langa mai zanen jan fure, ga baki a buɗe. Da ta tura wa Hafiza, yarinyar ta kira tana kuka ta kasa magana. Yanzu Bube a zaure yake wuni, da sanda, mutane na kawo masa awaki ya duba musu haƙora. Muryar ba ta dawo duka ba, saboda haka langar na gefensa, kuma Lami na kai ƙararsa wurin kowa cewa ya hana ta sakat: ruwa kwaram, goro kwaram, ko ba ya son komai kwaram. Lailatu ta ce ta ɓoye cokalin mana. Lami ta ce a bar shi ya buga har gindin ya huje, tana da wata langar.

Ran kasuwar Kankiya kuwa, in ka tsaya sayen mai, kafin ta auna maka sai ta goge hannu a zani ta zaro waya ta ce ka zo ka ga hoton zazzaɓin wata da ta ɗauka da hannunta. Kowa ya duba sai ya ce, "Inna Lami, to ina watan?"

Sai ta karɓe wayarta ta ƙara kallon hoton tukuna.

"Wata ai duk duniya ta ganai ran nan," in ji ta. "Wanga kau shekara guda ina jiran ya hito."